Yadda Ake Dafa Gundumemen Naman Shanu da Kayan Lambu a Tukunyar Lantarki

A gidajen Amurka, musamman ranar Lahadi da lokacin hunturu, akan yi girkin da ake kira pot roast, wato gundumemen naman shanu da ake dafawa ɗungurungum tare da kayan lambu cikin ɗan romo har ya yi lugub. Da can a tanda ko a kan murhu ake yin sa, amma tun shekarar 1971, lokacin da kamfanin Rival ya fito da Crock-Pot bisa ƙirar Irving Naxon, iyalai da yawa sun koma ga wannan tukunyar tangaran da lantarki ke ɗumamawa sannu a hankali ba tare da an tsaya a kanta ba.

Ingancin girkin yana farawa ne daga wurin mahauci, domin naman da ya fi dacewa shi ne na kafaɗa, kimanin kilo 1.5, mai jijiya da kitse a tsakanin tsoka. Jijiyar tana ɗauke da kolajin, wato sinadarin furotin da ke ɗaure tsoka, wanda yake narkewa ya zama jelatin idan zafi ya haura digiri 70 a ma'aunin Celsius na tsawon sa'o'i, kuma jelatin ɗin ne ke sa nama taushi, ya ba romo danƙo. Saboda haka tsoka zalla, duk tsadarta, ba ta da amfani a nan, don bushewa take yi. Idan naman daskararre ne, wajibi ne a narkar da shi tukuna, domin tukunyar tana jinkirin yin zafi, kuma ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 4 da 60.

Bayan an tsane naman an shafe shi da gishiri da masoro, sai a soya kowane gefe a mai mai zafi har ya yi ja sosai. Masu gaggawa sukan tsallake wannan mataki, kuma asara suke yi, domin a lokacin suyar ne furotin da sukari ke haɗuwa su haifar da ƙamshi, kamar yadda masani ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, alhali zafin tukunyar lantarki ba ya kaiwa inda hakan zai faru. Daga nan sai a soya albasa da tafarnuwa da cokali biyu na tumatirin gwangwani a kaskon da aka soya naman, a zuba romo a kankare abin da ya kama a gindinsa.

Dankalin turawa da karas da seleri, waɗanda aka yanka manya-manya, su ake fara jerawa a ƙasan tukunya saboda sun fi jinkirin nuna, sannan a ɗora naman, a barbaɗa ganyen tayim, a zuba romon kofi ɗaya zuwa biyu kawai, tunda murfin yana mayar da tururi kuma naman yana fitar da nasa ruwan. Ana barin sa sa'o'i 8 zuwa 10 a ƙaramin zafi, ko 5 zuwa 6 a babba, kuma ba a yawan buɗe murfi, domin kowace buɗewa tana tsawaita dahuwa. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, tukunya mai kauri a kan garwashi kaɗan ta fi aminci.

Naman ya nuna idan cokali mai yatsu ya shige shi ba turjiya. Sai a tsame shi ya huta minti 10, a kwashe man da ya taso, a dama garin masara da ruwan sanyi a kaurara romon a kan wuta, sannan a yanka naman a gicciye, ba bisa tsawon zaren tsoka ba, a zuba romon a kansa tare da kayan lambun.