Amsoshin Wasiƙunku: Mourinho ya tafi, gardama ta zauna

Wannan makon kusan duk saƙon da ya shigo, na takarda da na tes, kan mutum ɗaya yake: Jose Mourinho, wanda Chelsea ta sallama ranar Alhamis, 17 ga Disamban 2015, wata bakwai kacal bayan ya ci mata kofin Firimiya. Ba za mu iya karanta su duka ba, sai dai mu tsakuro.

Wasiƙar farko daga Fagge take, a birnin Kano. Mai ita ya ce shi ɗan Chelsea ne tun zuwan Mourinho na farko, kuma a gidan kallonsu an kusa bai wa hammata iska kan wannan magana. Tambayarsa: ashe ba 'yan wasa ne suka ci amanar kocin ba?

To Malam, ba kai kaɗai ke faɗin haka ba. Shi kansa Mourinho, bayan Leicester ta doke su 2-1 ranar 14 ga wata, ya fito ya ce yana ji kamar an ci amanar aikinsa. Ranar Asabar kuma da Chelsea ta ci Sunderland 3-1 a Stamford Bridge, magoya baya sun yi ta rera sunansa, sun yi wa Diego Costa da Fabregas ihu, har wani ya ɗaga kwali yana kiran su ɓeraye, su biyun da Hazard. Kuma lallai akwai abin dubawa. Hazard, gwarzon ɗan wasan Ingila a kakar da aka ci kofin, har ranar korar bai zura ƙwallo ko ɗaya a Firimiyar sabuwar kakar ba.

Amma ni ban yarda da maganar cin amana ba, ga kuma dalilina. Ka tuna yadda aka ci kofin 2015. Mourinho ya samu mutum goma sha ɗaya da ya amince da su, ya yi ta sa su mako bayan mako ba hutu. John Terry, yana da shekara 34, ya buga kowane minti na wasanni 38 ɗin nan. Hazard ya fara kowane wasa. Tun wajen watan Fabrairu ƙafafu suka yi nauyi, aka koma cin ɗaya a kulle gida, har aka lallaɓa aka kai maki 87. Da kaka ta ƙare ya kamata a kawo sabon jini. Sai aka sayar da Petr Cech ga Arsenal, aka yi ta bin John Stones Everton ta hana, aka ɗauko Falcao aro, wanda bai tsinana komai a Manchester United ba. Pedro da Baba Rahman, ɗan Tamale ta Ghana, sai da aka fara kaka suka iso. Dokin da aka yi sukuwa da shi jiya har dare, in yau ya ƙi tashi, ba ka ce ya ci amanarka ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne maganin da Mourinho ya sani ɗaya ne: ya matsa, ya yi faɗa, ya kunyata mutum a bainar jama'a don ya harzuƙa. Ya cire Terry a hutun rabin lokaci ranar da Manchester City ta ba su 3-0. Ya sako Matic a wasan Southampton, ya sake cire shi kafin a tashi. Wannan salon yana aiki a shekarar farko da ta biyu. A ta uku kunnuwa sun riga sun saba. Haka ta faru a zuwansa na farko a 2007, haka ta faru a Real Madrid a 2013.

Sai saƙo daga Damagaram, Jamhuriyar Nijar. Wannan ɗan'uwa bai ɓoye ba, ya ce shi ɗan Arsenal ne. Ya ce kuɗin Abramovich ne suka ci kofuna, ko wa aka ɗora zai ci, don haka wane tarihi Mourinho ya bari?

Ɗan'uwa, na san inda ke yi maka ƙaiƙayi, amma bari mu bi ta a hankali. Abramovich ya sayi Chelsea a 2003, kuma wanda ya fara kashe kuɗinsa Claudio Ranieri ne, shi ɗin nan da Leicester ɗinsa ta yi sanadin korar Mourinho. Ranieri ya ƙare na biyu, bayan Arsenal ɗinku da ba a doke ta ba a kakar. Mourinho ya zo daga Porto a 2004, a kakarsa ta farko ya ci kofin da Chelsea ta yi shekara 50 tana nema, tun 1955. Maki 95 ya haɗa, ƙwallo 15 kawai aka zura masa a wasa 38. Ya sake ci a 2006. Zuwa 2015, Chelsea kofin lig biyar take da shi a duk tarihinta, uku nasa ne. In kuɗi kaɗai ke cin kofi, sai ka gaya mini abin da ya hana Scolari da Villas-Boas, su ma ai a aljihu ɗaya suka ci.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne Gasar Zakarun Turai. Zuwa biyu Mourinho ya yi, bai ɗauko wa Chelsea ita ba. Roberto Di Matteo, kocin riƙon ƙwarya, shi ya ɗauko a 2012. To amma dubi waɗanda suka tsaya a filin Munich a daren: Cech, Lampard, Drogba, Ashley Cole, Mikel. Duk a hannun Mourinho suka koyi taurin kan nan na ƙin yarda a doke su.

Akwai kuma abin da ba ka ambata ba, wanda a ganina shi ne babban tabon zuwansa na biyu. Kevin De Bruyne ya zauna a benci har aka sayar da shi ga Wolfsburg ta Jamus a Janairun 2014, ga shi a 2015 Manchester City ta saye shi kan sama da fam miliyan 50. A lokacin korar, Lukaku yana Everton yana ta cin ƙwallaye alhali Chelsea na neman mai ci ido rufe. Mohamed Salah kuma a lokacin yana Roma a matsayin aro. Mourinho mutum ne mai son kofin yau, ba ya da haƙurin rainon yaro, kuma wanda zai gaje shi ne zai biya wannan bashin.

Wata baiwar Allah daga Kaduna ta tambaya ko da gaske rigimar likita ce ta jawo duk wannan. Hajiya, ba ita kaɗai ba ce, amma daga nan ɓarakar ta fara fitowa fili. Wasan farko ne na kaka, 8 ga Agusta, da Swansea, ana 2-2. An riga an bai wa mai tsaron raga Courtois jan kati, saura mutum goma. Dab da tashi Hazard ya faɗi, alƙalin wasa ya yafito masu ba da magani, likita Eva Carneiro da abokin aikinta Jon Fearn suka ruga cikin fili. Doka ta ce wanda aka duba sai ya fita, ke nan na ɗan lokaci Chelsea ta koma mutum tara. Mourinho ya yi ta faɗa a bakin layi, ya soke su a gaban 'yan jarida, aka hana su zama a benci. A watan Satumba Carneiro ta bar ƙungiyar, maganar kuma ta kai gaban kotu. Ita aikinta ta yi. Su kuma 'yan wasa suna kallo, mutanen da ke kula da lafiyarsu kullum ne aka yi wa haka a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Daga nan fa sai tara daga hukumar ƙwallon Ingila, sai dakatarwa, har wasan Stoke aka hana shi shiga filin ma baki ɗaya. Wasa 16, an sha kashi a 9, maki 15, mataki na 16, tazarar maki ɗaya tsakaninsu da masu faɗawa gasar 'yan dagaji. Ko da Abramovich ya ba shi sabuwar yarjejeniyar shekara huɗu a watan Agusta, ba na ganin laifinsa da ya sallame shi.

Na ƙarshe daga Jos, garin Mikel Obi. Mai saƙon yana so ya san makomar ɗansu, kuma ko gaskiya ne ɗan Najeriya na da hannu a korar. Malam, wanda kake nufi Michael Emenalo ne, daraktan wasanni na Chelsea a lokacin, tsohon ɗan bayan Super Eagles da ya je gasar cin kofin duniya ta 1994. Shi ya fito a tashar ƙungiyar ya ce akwai rashin jituwa ƙarara tsakanin koci da 'yan wasa, shi ya sa magoya baya suka huce a kansa. Amma a Chelsea ta lokacin mai yanke hukunci mutum ɗaya ne, wato Abramovich, ba Emenalo ba.

Shi kuwa Mikel, Mourinho ne ya karɓe shi a 2006 bayan takaddama da Manchester United a kansa, ya mai da shi mai tare gaban 'yan baya. Har yau akwai masu jin haushin haka, waɗanda suka ga yadda yake raba ƙwallo a gasar matasa ta duniya ta 2005. A zuwan nan na biyu Matic ya ƙwace masa gurbi. Guus Hiddink da aka bai wa riƙon ƙwarya ya san shi tun 2009, lokacin da suka ci kofin FA tare, don haka na sa ran za a riƙa ganinsa a fili fiye da da.