Gandoki: Gwarzo ne ko Ɗan Tawaye?

Wani mai sauraro daga Kontagora ya tambaya ko Gandoki, tauraron littafin Muhammadu Bello Kagara na 1934, gwarzo ne ko ɗan tawaye. A nazarin adabi, gwarzo shi ne mai kare al'ummarsa da tsarinta, ɗan tawaye kuwa mai bijire wa hukumar da ke mulki. Gandoki ya haɗa biyun, domin takobin da ya zare don kare sarakunan Musulunci shi ne ya mai da shi ɗan tawaye a idon Turawa, waɗanda, abin mamaki, gasar rubutu da suka shirya a 1933 ce ta haifar da littafin. Sai dai tawayen bai ɗore ba, tunda bayan yawonsa cikin aljanu ya komo gida ya tarar mulkin Turawa ya kafu, ya kuma saduda. Saboda haka gwarzantakarsa ta rinjayi tawayensa.