Abin da ke kashe ƴaƴan kifi a cikin bido

Da ruwan damina ya tsaya, aikinmu na masu kula da kiwon kifi a jihar Maraɗi yakan koma jigila. Ana ɗebo ƴaƴan kifi daga inda suka yi yawa a kai su tabkunan da ake son rayawa, ana sayo na tarwaɗa daga Kano ko Katsina a shigo da su ta Jibiya da Ɗan Isa, masu kwamin siminti a cikin gari su ma suna neman nasu. Da can gulbin Maraɗi ne ke yin rabin wannan aiki da kansa, in ya cika ya malala cikin fadama ya bar kifi a kowane kududdufi. Tun da aka gina madatsar Jibiya ruwan da ke isowa ya ragu, sai ya zama kifin da gulbi bai kawo ba dole mutum ya ɗauko shi a bido.

Ƙorafin da ya fi zo mana kuwa guda ne. Mutum zai zo ya ce, "Malam, an cuce ni, kifi mai ciwo aka sayar mini, kwana biyu da zuba su suka soma tasowa." In na tambaye shi ƙarfe nawa ya taso, wane bido ya yi amfani da shi, sau nawa ya tsaya a hanya, yawanci kafin ya gama ba ni amsa an gane inda matsalar take. Mai sayar da mugun iri akwai shi, ba na musu. Amma a abin da nake gani, hanya ta fi shi ɓarna, kuma ɓarnar hanya ba ta cika bayyana ranar da aka yi ta ba.

Kifi da iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa yake numfashi, kuma wannan iska kaɗan ce ƙwarai. Lita guda ta ruwa mai sanyin digiri 20 tana riƙe kimanin miligiram 9. In ruwan ya kai digiri 30, abin da yake riƙewa ya sauka zuwa kimanin 7 da rabi. A daidai lokacin kuma jikin kifin ya ƙara sauri, domin shi zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne, kuma ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka iskar da yake buƙata. Mu yi lissafi da bidon nan mai lita 25 da kowa ya sani. An zuba ruwa lita 12, zafinsa digiri 30, ke nan iskar da ke ciki duka miligiram 90 ce. An saka ƴaƴan gargaza 100 masu giram biyar-biyar, rabin kilo ke nan. Ƙananan kifi a firgice, cikin irin wannan zafi, kilo guda nasu yana shan miligiram 300 ko fiye a awa. Iskar bidon ba za ta kai awa guda ba in ba a sabunta ta ba. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40, bidon da aka ɗaure a bayan babur cikin rana ya fi wannan lissafi muni.

Abin da ke sabunta iskar shi ne saman ruwan, inda yake haɗuwa da iskar waje, da kuma girgizar tafiya. Shi ya sa nake faɗa da masu cika bido har wuya su murɗe marfi. Niyyarsu mai kyau ce, gani suke yawan ruwa shi ne gata. To amma cikakken bido a rufe, motar kasuwa ce da aka danna mata mutane aka ɗaga gilasai. Ruwa rabi ya isa, a yanke saman bidon ko a bar bakinsa a buɗe a ɗaure masa gidan sauro, kuma in da hali a kwantar da shi a gefe a buɗe masa baki a can, don fuskar ruwan ta yi faɗi.

Sai maganar tsayuwa, wadda mutane ba su cika kawo ta a rai ba. Muddin mota na tafiya, ruwa na kaɗawa, iska na shiga. Da ta tsaya, a shingen bincike ko a kan iyaka ko don direba zai ci abinci, ruwan ya kwanta, kifi kuwa bai daina numfashi ba. Wanda ya taso daga Kano zai iya shafe kilomita 200 lafiya, ya yi asararsa cikin rabin awar da ya tsaya a Ɗan Isa. Don haka mai kaya ba ya sauka ya bar bidonsa. A kai motar inuwa, a ɗauki kofi a riƙa ɗebo ruwan ana kwararo shi daga sama, ko a riƙa jijjiga bidon a hankali har a tashi. In ka ga kifi sun taru a sama suna buɗe baki, lokaci ya ƙure, a rage kashi ɗaya cikin uku na ruwan a zuba sabo daga wanda aka yi guzuri. Wanda ke wannan sana'a a kai a kai ya nemi ɗan injin hura iska mai aiki da batir, ya fi masa arha a kan kaya guda da zai mutu.

Tarwaɗa ta ruɗi mutane da yawa. Ita tana da wata gaɓa a saman kunnuwanta da take shaƙar iskar waje da ita, shi ya sa kake ganinta a baho a kasuwa, ruwa bai ma rufe bayanta ba, tana motsi har yamma. Wanda ya saba da ita sai ya ɗauka kowane kifi haka yake, ya ɗauko gargaza kamar yadda yake ɗauko tarwaɗa, ya tarar da su fari fat a kife. Gargaza ba ta da wannan gaɓa, giwan ruwa kuma ya fi ta rauni. Ita kanta tarwaɗar, ƴaƴanta na makonnin farko ba su gama haɗa gaɓar ba, manyan kuwa dole su samu hanyar leƙo kai sama, in ka cika musu ruwa ka rufe su ma shaƙewa suke yi. Kuma tarwaɗa na cin ƴar uwarta. In ba a tace su an raba manya da ƙanana ba kafin tafiya, za ka ƙirga a gida ka ga sun ragu babu gawa ko ɗaya, ka ce mai sayarwa ya yi maka ƙwange.

Akwai wani tausayi da ke kashe kifi, wato ciyar da su da safe kafin a kama hanya don kada su ji yunwa. Kifin da ya ci abinci ya fi shan iska, sannan zai yi amai da kashi a cikin ƴan litocin da zai zauna ciki. Ko bai ci ba, yana fitar da amoniya ta kunnuwansa, guba ce da ke ƙona kunnuwan, kuma zafi na ƙara mata ƙarfi. Kifin da amoniya ta ƙona zai iso gida da rai, har ya yi iyo, mai shi ya yi murna, alhali ganin kitse yake yi wa rogo. Kwana biyu ko uku sai mutuwa ta soma. A hana su abinci awa 24 cur kafin tafiya, a ajiye su cikin ruwa mai tsabta su zubar da abin da ke cikinsu. Mai sayarwar da ya ce maka ka zo yanzu ka ɗauka, bai tambaye ka yaushe za ka taso ba, bai shirya maka kifin ba.

Shi kansa bidon a san tarihinsa. Garinmu cike yake da bidunan fetur, kuma a gandun noman rani na Jiratawa, mai faɗin sama da hekta 500, ba a rasa mazuban maganin ƙwari a gindin kowace bukka. Robar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ta gama aiki da kifi har abada, ko sau nawa aka wanke ta, domin wasu magungunan ƙwarin ɗan abin da ido ba ya gani ya isa ya kashe bido guda. Na man girki shi ne daidai, a wanke shi sosai, a ɗauraye har sabulu ya fita sarai. Ruwan famfo yana da kulorin, ɗan uwan jabel, a tare shi a buɗaɗɗen baho ya kwana ya wuni kafin a sa kifi. Ruwan rijiyar burtsatse, irin wanda ake ban ruwa da shi a Jiratawa, garau yake amma daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, iskarsa kaɗan ce, sai an sheƙa shi daga bokiti zuwa bokiti. Koren ruwan kwami kuwa da asuba ya fi ƙarancin iska, don gansakuka ta kwana tana sha, kuma asubar ce lokacin tafiya. Kada a yi guzuri da shi.

Gishirin girki giram 2 zuwa 3 a kowace lita yana rage musu wahala. Jiƙaƙƙen buhu a jikin bido yana sanyaya ruwa in iska na bugunsa. Ƙanƙara a bar ta cikin ledarta, kada ruwanta ya gauraya da nasu. Hannu busasshe yana goge yauƙin jikin kifi, yauƙin nan kuwa shi ke kare shi daga cuta, don haka a jiƙa hannu, a rage taɓawa. Tafiya mai nisa, kamar daga Yamai da ta haura kilomita 600, sai da leda biyu a haɗe, kashi ɗaya ruwa, kashi biyu oksijin daga tukunya. Masu aron tukunyar walda su tabbatar ta oksijin ce, ba ta gas ɗin da ke ci da wuta ba, kuma kada maiƙo ko taba su kusance ta.

Masunta masu sa ƙananan kifi a ƙugiya don kama manya, su ma wannan magana ta shafe su, domin kifin da ke farauta mai motsi yake bi. A tabkin Biktoriya, a Kenya da Uganda, har kiwon ƴaƴan tarwaɗa ake yi musamman don a sayar wa masu kama giwan ruwa. A Amurka kuma jiragen masu kamun kifi da akwatin ruwa a jikinsu ake ƙera su, famfo na jawo sabon ruwa daga tabki yana fitar da tsoho. Kwale-kwalen masuntan tabkin Madarunfa ba shi da famfo, amma tabkin gaba ɗaya na gefensa. Kwando mai marfi, ko bokitin da aka huhhuda, a ɗaure shi da igiya a sake shi cikin ruwa a ɓangaren inuwar jirgi, ya yi aikin akwatin nan. Abin da nake yawan gani shi ne a zuba su cikin ruwan da ya taru a gindin jirgi, mai zafi, mai laka, wani lokaci da ɗigon mai. In za a tuƙa zuwa wani wuri a ɗago kwandon a sa shi cikin baho, kada jan ruwa ya gajiyar da su, kuma a riƙa sauya ruwan bahon. Wanda ya mutu a cire shi nan take.

Roƙona ga sarakunan ruwa shi ne su hana zuba ragowar irin waɗannan kifaye a ruwan da ba daga shi aka kamo su ba. Yaran da ke tsince ƙananan kifi a kududdufan fadamar Tibiri in ruwa ya ja, su kawo cikin gari su sayar, ba su da laifi, amma mai saye ya sani kifin da ya fito daga laka mai ɗumi yakan zo da ƙwayoyin cuta. A ware shi a wani mazubi mako biyu ana dubawa kafin a haɗa shi da na gida. A ƙarshen 2018 zuwa 2019 wata cuta ta shiga gonakin gargaza na tabkin Bolta a Ghana ta yi musu mummunar ɓarna. Tabkin Madarunfa, da aka sa cikin jerin wuraren ruwa na yarjejeniyar Ramsar a 2019, ƙauyuka da dama ke ci daga gare shi, kuma cutar da ta shiga tabki babu mai iya tsamo ta.

An iso gida lafiya, sai gaggawa ta ɓata aikin a minti na ƙarshe: a ɗaga bido a juye. Ruwan bido da na kwami zafinsu ba ɗaya ba ne, kuma bambancin da ya wuce digiri 2 ko 3 yana girgiza ƴaƴan kifi. Lokacin hunturu abin ya fi tsanani, don ruwan kwami na kwana da sanyi sosai, gargaza kuma ba ta son sanyi. A sa bidon ko ledar cikin ruwan da za a sake su na minti 15 zuwa 20, sannan a riƙa ɗebo ruwan kwamin kaɗan-kaɗan ana ƙara musu, a karkata bakin a bar su su fita da kansu. Ranar ba a ba su abinci, sai washegari, shi ma kaɗan.

Ƴan uwa masu niyyar sayen iri a bana, ku yi magana da mai sayarwa kwana biyu kafin ranar, ku sa ya tace su ya hana su abinci, ku tanadi ruwan guzuri tun daren, ku taso bayan sallar asuba. Wanda bai taɓa yi ba ya fara biyawa ta ofishin muhalli na yankinsa, can ne ma'aikatan kula da kifi suke, a duba masa bidon da ruwan kafin ya biya kuɗi.