Idan Jini Ya Yi Tsami

'Yan uwana na Zangon Kumasi, idan mai ciwon suga ya fara amai, ƙishirwa ta dame shi, yana jan numfashi mai zurfi da sauri, kada a ce asma ce ko iska. Galibi tsami ne ya taru a jininsa. Ciwon ƙoda, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da shan asfirin fiye da kima su ma suna jawo haka.

Kada ya daina allurar insulin don ya kasa cin abinci. A garzaya da shi asibitin Manhyia ko Komfo Anokye, tare da duk magungunan da yake sha. Gwajin gishirin jini zai taimaka wa likita ya gano tushen matsalar. Jinkiri kan kai mutum ga doguwar suma.