Sankarar Jinin Yara Da Yadda Takan Dawo

Jama'ar Gwarzo da Kabo, ku sani akwai cutar da ake kira sankarar jini. A cikin ɓargo take farawa, inda jiki ke ƙera jini. Alamunta su ne zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ɗashewar jiki, ciwon ƙashi, yawan haɓo, jini daga dasashi da kumburin kaluluwa. Sau da yawa akan ɗauke ta zazzaɓin cizon sauro ne, ko amosanin jini, ko sammu, har lokaci ya ƙure.

Ana warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai 30 ba. Shi ya sa a 2018 ta kafa shirin kai adadin zuwa 60 kafin 2030.

Sai dai cutar takan dawo wa wasu bayan ta lafa. Wadda ta dawo da wuri ta fi wuyar magani a kan wadda ta jima. Don gane wanda tasa za ta yi tsanani, masana suna nazarin wasu ƙananan alamomi da ke manne a kan ƙwayoyin gado. Misalinsu kamar wasali ne a kan baƙi: baƙin bai sauya ba, amma karatu ya sauya. Alamomin nan ne ke kunna wata ƙwayar gado, su kashe wata. Idan aka karanta su, ana sa ran likita zai san yaron da magani kaɗai zai ishe shi, da wanda sai an yi masa dashen ɓargo. Har yanzu ana kan binciken.

Kafin ya iso gare mu, ga namu aikin. Na farko, a kai yaron da ke da alamun cutar Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa a auna jininsa. Na biyu, in an tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kada ku yi nawa. Na uku, maganin yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3. Yanke shi don yaro ya murmure yana buɗe wa cutar ƙofar dawowa. Na huɗu, cutar ba ta yaɗuwa, kada a ƙyamaci mai ita.

Dagatai, limamai da masu hali, ku taimaka wa iyaye da kuɗin mota da na magani. Allah Ya ba yaranmu lafiya, amin.