Azara Ita Ce Ma'aunin Soro: Darasi Ga Mai Koyon Gini

A ƙasar Bukkuyum, kamar sauran ƙasar Hausa, mai tsara rufin soronsa na farko ba ya farawa da faɗin da ransa ke so, da azara yake farawa. Azara dai tsagin giginya ce, kuma an fi son ta namijin giginya saboda taurinta da jure wa gara.

Abin lura na farko shi ne, azara ba ta iya ɗaukar ƙasar rufi idan tazarar bango da bango ta wuce kimanin mita 2. Saboda haka wajibi ne a san wannan iyaka kafin a shata harsashi. In ana bukatar ƙarin faɗi, sai a rage tazarar da tauyi, watau azarun da ke leƙowa daga bango, ko a tsayar da ginshiƙi. Amma bakan gizo, irin na Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, wannan sai ƙwararru.

Na biyu, a karkata rufin zuwa ga indararo. Ruwan Agusta in ya kwanta, ƙasa takan jiƙe ta ƙara nauyi, azara ta lanƙwashe, rufi ya rufta kan masu barci.