Shawara ga masu kiwon aladu kan ɓawon dankali

A Bokkos da Mangu, idan kakar dankalin Turawa ta zo, ƙanana da fasassu da ɓawo sukan taru har su ruɓe a banza, alhali abincin aladu ne in an san yadda za a adana su. Hanyar ita ce a tsima su a durom.

Amma fa kada a zuba ɗanye. Cikin alade ba ya narkar da sitacin ɗanyen dankali sosai, yawanci yakan wuce zuwa babban hanji ya yi tsami, sai kumburi da zawo su biyo, dabba na ci ba ta ƙiba. Dafawa ce ke gyara wannan. A tafasa, a tsane ruwan, a bari ya huce. Wanda ya yi kore ko ya tsiro, a ware shi tun farko, domin gubarsa ba ta mutuwa da tafasa.

Dankali kusan kashi 80 cikin ɗari ruwa ne, saboda haka a cakuɗa shi da dusar masara ko ta alkama, a danne sosai, a rufe yadda iska ba za ta shiga ba, har sati uku. Ƙanshin tsami alamar kyau ce. In aka ga fumfuna, a zubar da wannan sashen.

Dankali ba shi da sinadarin gina jiki mai yawa, don haka a haɗa da waken soya ko ƙuliƙuli. A fara ba manyan aladu kaɗan-kaɗan. 'Ya'yan da aka yaye kwanan nan kuwa, a bar su da abincinsu tukuna.